Guntun Kaset ɗin Malam Yusha'u

Ban taɓa mantawa da ranar Larabar da Malam Yusha'u ya shigo shagonmu yana magana ƙasa-ƙasa kamar wanda ya zo neman aure ba. Cikin daminar 1991 ne. Ku da kuke tura wa mutum fim hamsin a waya kafin ya gama shan lemo, ku matso ku ji yadda muka yi namu aikin, don na san dariya za ku yi.

Shagon hayar kaset ne a Unguwar Sarki, bakin titi, kuma mu uku ne a ciki. Akwai maigidanmu, Alhaji Bala, wanda ya daɗe yana haska fim a silima kafin bidiyo ta shiga gidajen mutane. Akwai Sabo mai kanta, shi ke riƙe rajistar mambobi, ya san wa ya ɗauki me. Sai ni, Isiyaku, mai kwafi. A ƙuryar shago nake zama, gabana bidiyo biyu an haɗa su da waya. Ɗaya tana kunna uwar kaset, wato asalin da aka sayo, ɗaya tana ɗauka a sabon kaset. Uwa ba ta fita haya, 'ya'yanta ne ke yawo a gari. Fim in na awa uku ne, kwafinsa ma awa uku ne, kuma dole in zauna in kalle shi tun daga rubutun farko har na ƙarshe. Matata tana cewa ni kaɗai ta sani da ake ɗauka aiki don ya yi kuka.

Dokokin Alhaji biyu ne. Ta farko, guntun kaset ba ya fita daga shagonsa. Wasu shagunan sukan kwafi dogon fim a gajeren kaset, ana tsakiyar kallo sai allo ya koma fari da baƙi yana shuuu, abin da muke kira shinkafa. Alhaji ya tsani wannan kamar me. Yakan ce a silima ya ga yadda mutane ke jifan allo da takalma idan fim ya tsinke, ba zai yarda a jefi sunansa a falon kowa ba. Ta biyu, duk fim ɗin soyayya sai na ɗiga masa alama a gefe. Idan an ƙare da aure, ɗigon kore. Idan ɗaya daga cikin masoyan ya mutu, ɗigon ja. Ango ko wanda matarsa ta yi fushi, kore ake ba shi. Ja kuwa na 'yan mata ne idan sun taru ranar Asabar suna neman abin da zai sa su kuka.

Malam Yusha'u mambanmu ne, babban akawu a wata ma'aikatar gwamnati, yana zaune a Hayin Banki. Mutum ne mai tsare gida, kullum biro uku a aljihun gaba. Tunda nake ganinsa bai taɓa ɗaukar wani abu ba sai kokawa da fim ɗin yaƙi. Ranar nan bai tsaya wajen Sabo ba, ya wuce har ƙuryata, ya waiga hagu da dama.

Ya ce, "Isiyaku, wani fim nake nema. Na Indiya."

Na ce, "Ranka ya daɗe, mai faɗa?"

Ya gyara hula. "Na... irin na gida. Ni da Hajiya za mu kalla."

Wallahi sai da na ciji leɓe. Na tambaye shi sunan fim ɗin, ya ce bai sani ba. Wannan ba abin mamaki ba ne, mutanenmu ba sa riƙe sunayen nan, labari suke ba ka kai kuma ka gano. Ya ce akwai wani saurayi mai gyaran agogo a bakin tashar jirgin ƙasa, da wata budurwa da ke kawo madara a tulu cikin jirgin safe. Kullum sai saurayin ya mai da agogon tasha baya da minti biyar don jirginta ya jinkirta tashi. Ya ce a silima ya kalla, shekara ashirin da biyu da suka wuce.

Na ce, "Kai, ranka ya daɗe, lokacin ko makaranta ba a sa ni ba."

Ya ce, "To shi ke nan, babu ke nan." Har ya juya zai tafi, kuma na lura da saurinsa.

Alhaji yana daga kan bencinsa yana jin mu. Sai kawai muka ji ya fara rera wani kiɗa ta hanci. Ya ce, "Mai Tulu! Ai sau nawa na haska shi. Malam, dawo jibi." Malam Yusha'u ya tsaya a bakin ƙofa ya yi godiya, amma irin godiyar da ake yi wa mai allura.

Uwar kaset ɗin tana cikin wani kwali a ƙarƙashin teburina, ta yi fumfuna. Ranar Alhamis na kwance ta, na bi zaren da auduga a hankali, sau biyu ina wanke kan bidiyo, wato wurin da ke karanta zaren. Sannan na zauna kallo. Jama'a, fim ne! Ba hayaniya, ba mugun attajiri mai gashin baki. Rawa ma kaɗan ce, irin wadda za ka kalla da iyalinka ba ka kama tarin ƙarya ba. Akwai wurin da budurwar ta gano wayon agogon, ta yi kamar ba ta gane ba, ta riƙa saukowa daga jirgi a hankali don ta cinye minti biyar ɗin. Har Sabo ya bar kanta ya zo ya tsaya a kaina. An raba su, ya bi ta garinsu, ta dawo tasha ta same shi, suka yi waƙa a ƙarƙashin agogon. Na ɗauko biro kore na riƙe. Ashe saura minti goma. A cikin minti goman nan ta tafi sanar da iyayenta, ruwa ya cinye gada, jirgin ya faɗa kogi. Aka nuna tulun yana yawo a kan ruwa, shi kuma yana tasha yana ta mai da agogo baya. Na ajiye kore na ɗauki ja, hancina na ta yoyo.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci Malam ya zo. Na miƙe da fara'ata na ce, "An samu!" Fuskarsa ta faɗi. Ya jawo kujera ya zauna, ya juya kaset ɗin ya ga ɗigon ja.

Ya ce, "Shago huɗu na je a garin nan, kowa ya ce babu. Na zo naku ne don in ce mata na nema har na gaji, kuma in kasance ban yi ƙarya ba. Sai ga Alhajinku da waƙar hanci."

Daga nan ya ba ni labarin. Lokacin da ya kalli fim ɗin suna sabon aure, suna zaune a kwatas na ma'aikata. A zamanin matan aure ba sa zuwa silima. Miji ya je ya kalla, ya dawo ya ba matarsa labari, in mai baki ne har da waƙoƙin. Hajiya tana da tsohon cikin 'yarsu ta fari, abu kaɗan sai kuka. Yana ba ta labari tana murna, har ya kai wurin waƙar ƙarƙashin agogo. Ta riƙe masa hannun riga ta ce, "Sun yi aure ko?" Ya kalli idonta, ya kalli cikin, ya ce sun yi. Ta ce, "Sai kuma me?" Ya ce sun buɗe shagon agogo babba. Ta ce 'ya'ya fa? Ya ce uku.

"Na ɗauka washegari za ta manta," in ji shi. "Isiyaku, shekara ashirin da biyu ke nan. Duk 'ya'yanmu da labarin nan aka yi musu tatsuniya. In muka saɓa, ita ce za ta ce, haba Malam, ai su mai agogo ma sun ga abin da ya fi wannan. Ni kuma duk shekara sai ta sa na ƙara wani abu. Bara na aurar musu da 'yar fari."

Na kasa riƙe dariya, shi ma ya ɗan murmusa. Ya ce yanar ido ta kama Hajiya. Idon dama ya rufe, na hagu ne ke gani dishi-dishi idan ta matso kusa. Ranar Talata za a yi mata aiki. Tsoro take ji, ta sa a ranta cewa ba lallai ta sake gani ba. Da ya tambaye ta abin da take so kafin ranar, bai ji ta ce zane ko sarƙa ba. Ta ce tunda yanzu akwai bidiyo a gida, ya nemo mata fim ɗin mai agogo ta ga fuskokinsu da idonta.

Ya ce, "Yaya zan zaunar da ita, saura kwana biyu a taɓa mata ido, ta ga tulu a kan ruwa? Ta ga yarinyar ta mutu, ta kuma ga mijinta maƙaryaci ne, duk a zama ɗaya?"

Tausayinsa ya kama ni sosai. Ya ce ya yi tunanin idan an kusa wurin zai zagaya baya ya zare fiyus ɗin mita, a ce an ɗauke wuta. Na ce, "Ranka ya daɗe, maƙwabta fa? Za ta ji rediyonsu. Kuma ko ta yarda, in wuta ta dawo cewa za ta yi a ci gaba." Ya dafe kai. Ni kuma bakina ya riga hankalina, na ce ai ana iya yin kwafin da zai tsaya a wurin waƙar.

Ban rufe baki ba na ji muryar Alhaji a bayana. "A shagon wa?"

Na ce, "Maigida, ai ka ji dalili."

Ya ce, "Na ji. Shekara shida ina gaya wa Kaduna cewa kaset ɗin Bala ba ya yankewa. Gobe 'ya'yansa su ce a shagona aka ɗauko guntu, ka san inda maganar za ta tsaya? Malam, ka yi haƙuri. Ga koraye nan cike da kanta, a zaɓa maka mai daɗi."

Malam ya miƙe ya ce ya gode, ba wani take so ba, wannan ɗin take so. Ya sa hularsa ya fita, kafaɗunsa a sauke. Ni kuwa na cika fam. Har aka rufe shago ban sake ce wa Alhaji uffan ba, shayin da ya saya mini ma na bar shi ya huce.

Ranar Asabar da safe na zo na tarar da ƙofa a buɗe. Alhaji ne zaune a kujerata, gilashinsa a karan hanci, yana ta kai uwar kaset gaba yana dawo da ita. Bai ko amsa gaisuwata ba.

Ya ce, "Kai da ka ce a yanke a wurin waƙa, a ina cikin waƙar? Ka yanke ana tsakiyar kiɗa, jariri ma ya san an yanke. Zo ka gani." Ya nuna mini. Bayan waƙar ta ƙare, ana ɗaga hoton sama a nuna agogon tasha, kiɗan ya sauka, allo ya yi duhu na ɗan lokaci kafin a nuna gada. "Nan. Kana ganin duhun ka danna. Ka yi latti da ƙiftawar ido, ƙarar ruwa za ta shigo."

Na ce, "Maigida, dokar fa?"

Ya ce, "Rufe mini baki. Kada ka manna takardar shagona a jiki, kada Sabo ya sa shi a rajista. Kuma in ka gaya wa wani, ni ban san ka ba."

Awa uku babu minti goma na zauna, yatsana a kan maɓalli tun ana saura rabin awa. Alhaji yana tsaye a kaina yana numfashi a wuyana. Da duhun ya zo muka yi ihu tare, "Yanzu!" Na danna. Muka mayar muka duba, ya fita tsaf, daga agogo sai duhu, daga duhu sai shinkafa. Da la'asar na hau kekena na kai wa Malam har Hayin Banki. Ya karɓa da hannu biyu, ya ce in gaida Alhaji da waƙar hanci.

Daga nan shiru. Talata ta wuce, wata Talatar ta wuce. Ba Malam, ba kaset. Tunda ba ya cikin rajista, ba mu da bakin aika a tambaya. Ni dai raina bai kwanta ba. Ina ta tunanin ko ta gane, ko ta yi fushi, ko aikin ne bai yi kyau ba. Alhaji yana yi kamar bai damu ba, amma duk motar da ta tsaya a ƙofa sai ya leƙa.

Sai ranar wata Asabar da hantsi, mako na uku, tsohuwar motar Malam ta tsaya. Ya fito ya zagaya ya buɗe ɗaya ƙofar. Wata dattijuwa ta fito, gajeruwa, da mayafi ruwan toka da wani gilashi mai kauri. Ba wanda ya riƙe mata hannu. Ta tsallake kwatar bakin shago da kanta, ta shigo tana kallon kantoci ɗaya bayan ɗaya. Muka zube muna gaisuwa, muna yi mata barka da arziki.

Ta ce, "Wane ne Isiyaku a cikinku?"

Na ce, "Ga ni, Hajiya."

Ta kalle ni sama da ƙasa. "Kai ne mai almakashin?"

Na kalli Malam, shi kuma ya kama kallon silin. Alhaji ya fara lallaɓawa zai shige ƙurya, ta ce, "Alhaji, dawo, an ce kai ka nuna wurin." Sabo ya sunkuya bayan kanta, kafaɗunsa na rawa.

Aka ba ta kujera ta zauna, ta ba mu labarin da bakinta. Ranar Lahadi bayan la'asar ta sa aka kai yara gidan ƙanwarta. Ta dafa shayi, ta jawo tabarma har gaban talabijin don ta gani. Ta ce mai agogon bai kai kyan da Malam ya ba shi ba, amma yarinyar ta fi. Malam kuwa tunda aka fara bai zauna daidai ba, yana ta duba agogon hannunsa kamar mai jiran jirgi. Da shinkafa ta fito ya yi tsalle ya ce, "Kash! Ka ga mutanen nan, sun ba mu guntu!"

Ta ce, "Na ce masa ba komai Malam, zauna ka ƙarasa mini da baki. Ya zauna ya ƙarasa. Wannan karon har Makka ya kai su."

Muka kwashe da dariya, har Malam. Sannan ta gyara gilashinta ta ce, "Ɗana, tun washegarin ranar da ya fara ba ni labarin nan na san yarinyar ta mutu."

Na ce, "Ta yaya, Hajiya?"

Ta ce, "Ai ba shi kaɗai ya je silimar ba, da maƙwabcinmu suka je. Da safe a bakin famfo matar maƙwabcin ta zo idonta a kumbure, tana ta kukan tulu a kan ruwa. Na ce wane tulu? Ta ba ni labari tas. Na dawo ɗaki na zauna. Da farko na ji haushi. Can kuma na ce, mutumin nan da ko sannu sai an roƙe shi, ashe zai iya tayar da matacciya don kada in yi kuka? Sai na yi shiru abina, in ga iya inda zai kai."

Na ce, "Hajiya, shi Malam ya san kin sani?"

"Sai da aka kwance mini bandeji na gaya masa. Shi na fara gani, ya yi tsuru-tsuru a bakin gado da biro uku a aljihu. Na ce Malam, ina ganinka sarai, kuma na daɗe ina ganinka."

Malam ya ce, "Shekara ashirin da biyu tana sa ni aikin ƙari, Alhaji. Ko hutun ƙarshen shekara babu."

Ta ce, "Ai ka iya ne."

Alhaji ya shiga ƙurya ya ɗauko cikakken kwafin mai ɗigon ja, ya miƙa mata da ladabi. Ya ce tunda ido ya buɗe kuma asiri ya tonu, ga fim ɗin har ƙarshensa, shagonsa ba ya barin mamba da guntu. Ta ko kalli kaset ɗin ba ta karɓa ba.

Ta ce, "Me zan yi da shi? Su a minti goma suka kashe ta. Shi kuwa shekara ashirin da biyu yana ciyar da ita, har da jikoki. Na wa zan ɗauka? Wancan guntun dai na zo in ce ba zan dawo da shi ba."

Alhaji ya cire gilashinsa ya goge, ya ce wai ƙura ce. Ya sa Malam ya ɗauko guntun daga mota. Ya yago takardar shagonsa, wadda ya hana ni mannawa, ya manna da hannunsa. Ya karɓi biro kore a wurina ya ɗiga. A wurin da muke rubuta tsawon fim ya rubuta: Ƙarshen yana wurin Malam.

Na yi shekara tara ina kwafi bayan wannan, kuma ban sake yanke fim ko ɗaya ba, dokar Alhaji ta ci gaba da zama doka. Abin da ya canza shi ne tambayata. Da, in mutum ya ce in zaɓa masa fim ɗin soyayya mai kyau na kallo a gida, sai in hau lissafa masa masu waƙa da masu rawa. Daga ranar nan sai in fara da cewa, da wa za ka kalla? Don na gane kaset rabin kaya ne muke bayarwa, sauran rabin yana zaune a kan tabarma a gida. Ku ma in mutum ya miƙo waya ya sunkuyar da murya, kada ku yi masa dariya, kuma kada ku cika masa ita da duk abin da ya zo hannu. Ku tambaye shi tukuna.

Malam Yusha'u bai sake ɗaukar kokawa ba. Duk Juma'a yakan wuce kanta ya zo ƙuryata, ya waiga hagu da dama kamar yadda ya saba, ya ce, "Isiyaku, Hajiya ta ce a ba da ja. Wai ƙarshen ni zan gyara."